Marfin Kwalba da Alli: Rajistar Aikin Wasannin Aji

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka yi zaman farko. Malaman aji ɗaya zuwa aji huɗu ne daga makarantun firamare uku da ke maƙwabtaka da juna a ƙaramar hukumarmu, nan gabashin Kano, mata sun ɗan rinjayi maza. Hedimastan babbar makarantar ya buɗe mana ajin da ke da ƙofa, muka shimfiɗa tabarmi.

Sharaɗin da na fara gindayawa shi ne ba zan zo wa kowa da wasa a aljihu ba. Kowane malami zai zaɓi abu guda da ya gagari 'yan ajinsa, ya ƙago wasan da zai koyar da shi, ya gwada a ajin, sannan mu taru mu ji yadda ta kaya. Nawa aikin tambaya ne da rubutu.

Wasu fuskokin sun canza da jin haka, don an saba in an ce bita, za a raba jaka da littafi da kuɗin mota. Ba na raina abin da shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, ko Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, suka yi wa karatun Hausa a ƙananan azuzuwa. Dabaru da dama da zan riƙa tunatarwa a nan, a wurinsu na fara gani. Sai dai shekarun da na yi ina bin ɗalibai masu koyon malanta makaranta-makaranta sun nuna mini cewa wasan da aka miƙa wa malami a shirye, ranar da kati biyu suka ɓata ranar ya mutu, saboda malamin bai san dalilin da ya sa katin ya zama goma sha biyu ba. Wanda ya yanka kwalin da hannunsa kuwa, wani kwalin zai nema ya sake yankawa.

Abubuwan da suka ambata: haruffa masu ƙugiya, haɗa gaɓa da gaɓa ta zama kalma, tarawa da ka, aro a ɗebewa. Wata malama ta ce ita komai ya gagari nata, aka yi dariya, amma ba ta tsira ba sai da ta zaɓi ɗaya. Kowa ya tafi da umarnin ya sa yara su tara murafun kwalba, kwalin taliya, tsinken tsintsiya da ƙwallon dabino. Kaka ta yi, kara ba zai yi wuya ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

An kawo wasannin. Kusan duka abu ɗaya ne da suna daban-daban: a raba aji gida biyu, malami ya jefa tambaya, wanda ya sani ya ɗaga hannu, a rubuta maki a allo, a tafa. Wani ya sa wa ɓangarorin sunan Zaki da Damisa, wata ta sa Kano Pillars da Katsina United.

Ban ce uffan ba, na roƙi mai Zaki da Damisa ya buga da mu, mu ne yaran. Na ba wata malama takarda ta riƙa yin alama a gaban sunan duk wanda ya ba da amsa. Da aka gama, mutum uku ne suka kwashe alamomin. Sauran mun yi ihu, mun yi tafi, mun ji daɗi ƙwarai, kuma ba wanda ya tilasta mana lissafa ko da biyu da biyu.

"To Malam, a ajinka yara nawa ne?"

"A rajista ko masu zuwa?"

"Masu zuwa."

"Sun haura tamanin."

"Cikin tamanin ɗin, nawa ne za su yi lissafi kafin a kaɗa ƙararrawa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce waɗanda dama sun iya.

Daga nan muka tsayar da tambaya guda da za mu riƙa yi wa kowane wasa: me yaro zai yi da ƙwaƙwalwarsa kafin ya ci? In amsar ita ce ya yi sauri, ko ya zauna kusa da mai ƙoƙari, ko ya jira sa'a, to wasan bai koyar da darasin ba, ya dai rakiyi darasin. A dara ba a tsayar da ɗan wasa a yi masa tambaya kan jera uku kafin a bar shi ya motsa. Jera ukun shi ne wasan. Haka muke so karatun ya zama shi kansa ne hanyar cin wasan. Tambaya ta biyu ta biyo bayanta da kanta: a kowane minti, yara nawa ne ke yi, nawa ne ke kallo?

Na kuma ba da shawarar kada kowa ya wahalar da kansa da ƙago ƙa'idoji daga tushe. Yaran nan sun zo makaranta da carafke da langa da 'yar gala-gala da jini-jini a kansu, sun san dokokinsu fiye da mu, suna kuma hukunta mai maguɗi ba sai an sa su ba. Darasi minti talatin da biyar ne. Wanda ya kashe ashirin wajen bayanin yadda ake wasa, ya riga ya yi asara.

Wani matashin malami ya kawo maganar manhajojin tambayoyi na waya. Makarantarsa ba wuta, wayar da ke ajin kuma tasa ce kaɗai. Muka wuce.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na je ajin malamar aji biyu, mai fama da haruffa masu ƙugiya. Jini-jini ta ɗauko. A asalin wasan mai bayarwa kan ce "akuya da jini?" a amsa "ja", "kaza da jini?" "ja", har a saki jiki, sai ya jefo "dutse da jini?", wanda bakinsa ya suɓuce ya sha duka. Ita ta mayar da shi "ƙafa da ƙugiya?" a ce "akwai", "kaza da ƙugiya?" a ce "babu". Ta cire dukan, ta ce wanda ya kuskure ya zauna.

Zaɓin kalmominta ya burge ni. Ta jero tagwaye: kara da ƙara, baki da baƙi, fada da faɗa, saka da saƙa, tabo da taɓo, bata da ɓata. Kunnen ɗan Bahaushe ba ya rikita waɗannan, hannunsa ne ke rikita su in ya zo rubutu, kuma ba laifinsa kaɗai ba ne: allunan shaguna da saƙonnin waya da yake gani kullum ba ƙugiya a cikinsu.

Matsala biyu suka bayyana tun ba a yi nisa ba. Ta farko amshi. Yara tamanin in suka amsa tare, na baya bakin na gaba suke bi. Na tsaya a ƙarshen ajin ina jin "akwai" tana tasowa daga layin farko tana gangarowa. Ta biyu ta fi muni. Dokar "wanda ya kuskure ya zauna" tana fitar da mafi rauni a zagayen farko, wato wanda ya fi kowa bukatar atisayen shi ne ya fi kowa ƙarancin yinsa. Wani ɗan yaro da ya zauna tun kalma ta biyu ya shafe sauran lokacin yana tauna igiyar jakarsa.

Lokacin tara muka zauna a gindin darbejiya, na karanta mata abin da na rubuta ba tare da na ce ga gyara ba. Ta ɗan yi tunani ta ce, "Malam, in na hana su magana fa?" Da aka dawo ta raba wa kowa guntun kwali, gefe ɗaya k, ɗaya gefen ƙ. Ta faɗi kalma, kowa ya sa kwalin a ƙirji ya zaɓi gefe, sai ta buga tebur a ɗaga gaba ɗaya. Nan take ta ga waɗanda ba su sani ba, da idonta, layi-layi. Wanda ya kuskure kuma ba ya fita: abokin zamansa ya rubuta masa kalmar a ƙasa da yatsa, ya kwafa, a ci gaba da shi. Makin na benci ne, sai duk 'yan bencin sun dace ake ba su tsakuwa ɗaya. Ban taɓa ganin yara sun damu da karatun maƙwabcinsu kamar yau ba. Har harara ake yi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

'Yar gala-gala ta malamar aji ɗaya. Ta zana gidajen a ƙasa, kowane gida da gaɓa: ka, za, ra, na, ma, ta, sa, ba. Yarinya ta jefa tsingaro ya faɗa a "ra", sai ta yi ɗingishi zuwa gidan da zai ba ta kalma, ta dira a "na", ta faɗi "rana". In ta dira inda ba kalma, juyi ya wuce ta. Hausa ta dace da wannan sosai, tunda yawancin gaɓoɓinmu baƙi ne da wasali, kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Da gaɓoɓi takwas ɗin nan an samu kaza, rana, mata, tasa, nama, masa, bana, bara, tara, har aka soma gardama kan ko "zaba" kalma ce, wata ta ce ai da ɓ ake yinta.

Wasan ya amsa tambayarmu ta farko, ya faɗi a ta biyu: mutum ɗaya ke tsalle, aji guda na kallo. Ta gyara da zana fili goma a harabar makaranta, kowane da rukuninsa da alƙalinsa, ta aro manyan yara daga aji biyar su zana da safe kafin taro. Samarin ajin da farko sun ce wasan mata ne. Ba ta roƙe su ba, ta dai rubuta makin matan a allo.

Malamin Turanci ya gwada irinsa, bai yi ba, don rubutun Turanci ba ya yankuwa gaɓa-gaɓa haka. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa har aji shida, amma malamanmu har yanzu harshe biyu suke ɗauke da shi a aji, kuma kowanne da irin wasan da zai karɓa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau ranar dattijon aji uku ce, wanda kowa ya san shi a majalisar 'yan dara bayan la'asar. Tun farko ya rantse dara zai kai aji. Ya haƙa gurabe talatin, biyar sau shida, kowane ɓangare 'ya'ya goma sha biyu, ya rubuta lambobi a jikin murafu. Kafin a gama dasa 'ya'yan an kaɗa ƙararrawa. Mako biyu yana ragewa, har abin ya koma murafu tara kacal, 1 zuwa 9, a baje a tsakanin yara biyu. Kowa ya ɗauki ɗaya bi da bi, wanda ya fara samun murafu uku da jimlarsu ta cika adadin da aka yanka ya ci.

Da 10 ya fara. Yaran da kansu suka gano aibin: ba mai taɓa 8 da 9. Ya zauna ya lissafa, ya ga hanya huɗu ce kawai ke kai wa goma da lambobi uku mabambanta, 1+2+7, 1+3+6, 1+4+5 da 2+3+5, kuma ba ɗaya mai 8 ko 9. Ya koma 20, sai 1 da 2 suka zama marasa amfani. Da ya tsaya a 15, wasan ya tashi. Hanya takwas ce, kuma ba marfin da ba shi da aiki.

Mun buga a zaman. Abin lura shi ne yawan tarawar da mutum ke yi ba tare da an tambaye shi ba. Kana da 2 da 6, dole ka san 7 kake nema. Abokin karawarka na da 4 da 5, dole ka gane 6 yake jira, in tana hannunka ka huta, in ba ta nan ka sace ta. Kowane juyi lissafi uku ko huɗu ne da ka, naka da na wani. Ya ce a ajinsa wata yarinya da ba ta cika magana ba ita ta fara gane cewa 5 ce uwar wasan, ta yi kwana biyu tana cinye kowa kafin asirinta ya tonu. Gaskiyarta: 5 na cikin hanya huɗu daga takwas ɗin, 2 da 4 da 6 da 8 kowacce na cikin uku, sauran na cikin biyu-biyu.

Da aka rubuta hanyoyin takwas a allo, dattijon ya tsura musu ido, ya karɓi alli ya zana gida tara. Ya sa 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. "Ai wannan hatimi ne," in ji shi. "Tun ina makarantar allo na san shi." Kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 ne, kuma layukan takwas su ne hanyoyin takwas. Na ba su labarin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan murabba'ai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali masu tarihin lissafin Afirka ba sa tsallake shi. Wata malama ta ce kada dai a ambaci hatimi a gaban yara a je gida a ce ana koyar da tsubbu. An yarda a nuna shi a matsayin lissafi, a kuma ambaci Bakatsinen.

Wasan yana da wa'adi. In duka biyun suka ƙware, kullum canjaras za a tashi. Na faɗa masa, ya ce ya riga ya gani, yana gwada murafu goma sha biyu.

Talata, 3 ga Disamba

Hedimastan ƙaramar makarantar ya kira ni da sassafe. Matashin malamin nan ya zana hanya mai gidaje a bayan kwali, ya sayo ɗan lido, ana jefawa ana tafiya, kowane gida da tambayarsa. Yaro ya je gida ya ce a aji lido suke yi. Mahaifin ya zo, bai zo shi kaɗai ba, da limamin unguwa ya zo, wanda kuma yana cikin kwamitin kula da makarantar.

Malamin ya so ya ɗauki abin a matsayin rashin wayewa. Ban bi shi ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan gargaɗi kan wasan nardi, kuma malamai da dama sun tafi a kan cewa hukuncin ya shafi wasa da ɗan jefawar nan mai ɗigo-ɗigo. Ga kuma shagunan cacar ƙwallo da suka cinye samari da yawa. Uban da ya ji an sa wa ɗansa mai shekara takwas ɗan lido a hannu a makaranta, yana da hujjar tambaya.

Muka zauna a ofis, aka baje kwalin. Liman ya duba tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, karatun ba laifi. Wannan abin ne dai ba ma so." Malamin ya ce in an cire sa'a gaba ɗaya, masu ƙoƙari ne za su riƙa ci kullum, na baya su karaya. Wannan ma gaskiya ce, kuma na ji daɗin da ta fito daga bakinsa. 'Yar sa'a kaɗan ita ke riƙe mai rauni a cikin wasa. Liman ya ce ƙuri'a daban take, tana da asali a sunna, muddin ba a sa kuɗi ko wani abin ci ba. Aka tsaya a kan jakar tsumma da murafu a ciki, a zura hannu a zaro.

Da muka fito na ja malamin gefe, na ce tunda an taɓa wasan, mu yi masa tambayarmu. Tafiyar daban, karatun daban: sa'a ke motsa yaro, tambayar haraji ce kawai a hanya. Ya koma ya sake shi. Yanzu yaro kan zaro murafu biyu, ya zaɓi ko ya tara su ko ya ɗebe ƙarami daga babba, amsar ita ce yawan gidajen da zai taka. Tunda akwai gidajen rijiya da ke mayar da mutum baya, wani lokacin ɗebewa ta fi riba, kuma sai ka lissafa duka biyun kafin ka sani. Ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Daga yau duk sabon wasa za a nuna wa kwamitin makaranta kafin yara su kai labarinsa gida.

Asabar, 14 ga Disamba

Jarrabawa ta cinye kowa, mutum biyar suka zo. Mun ɗaure kaya a buhunan shinkafa, kowane da sunan ajinsa, aka kai ofishin hedimasta. Sai bayan hutu.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Buhun da aka ajiye a ƙasa gara ta gama da kwalayensa. Murafu da tsinke da ƙwallon dabino lafiya lau. An yanke shawarar duk abin da za a iya rubutawa a cikin marfi a daina rubuta shi a kwali, buhu kuma a rataye shi a ƙusa. Alƙalamin maka ya yi tsada, an koma fentin farce, wanda ma ya fi daɗewa a jikin marfi. Malamar da gara ta ci wa kwalaye ba ta yi ƙorafi ba, kafin zaman ya tashi ta yanka sababbi.

Malamai biyu sun daina zuwa. Ɗaya ya ce Asabar ranar kasuwarsa ce, kuma ban ga laifinsa ba. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin acaba zuwa nan ba wasa ba ne ga mai albashin firamare. Za mu riƙa juya wurin zaman tsakanin makarantun uku.

Laraba, 22 ga Janairu

Kasuwar aji huɗu. Malamar ta jera gwangwanayen madara da kwalayen ashana da ledar omo a benci huɗu, ta yanka takardu ta rubuta 10, 20, 50, 100, 200, 500. Da hannu aka rubuta, ba a kwafi hoton naira ba. Rabin aji masu saye, rabi masu sayarwa, a juya.

Akwai yarinya a ajin da ke tallar gyaɗa da yamma. An sayi kayan naira 130 a wurinta, aka ba ta 200, kafin mai sayen ya janye hannu ta miƙa masa hamsin da murtala ɗaya. Malamar ta ce ta rubuta a littafi. Ta jera 200 a sama, 130 a ƙasa, ta ja layi, ta rubuta 130. A kowane gurbi ƙarami ta cire daga babba, ba ruwanta da wanda ke sama. Ba ta ga wata alaƙa tsakanin saba'in ɗin da ta bayar da abin da ke takarda ba. Wannan ba sabon abu ba ne: a 1985 wasu masu bincike a birnin Resife na Brazil sun buga irin wannan sakamakon kan yara masu talla a titi, suna daidai a ciniki, suna faɗuwa a lissafin nan dai in an rubuta shi irin na makaranta.

Kasuwar, a yadda take, abin da yara suka riga suka iya take gwadawa. 'Yan talla na ci, sauran na kallo, aro a ɗebewa kuma bai shigo ba. Malamar ta yi gyara biyu da na ga sun yi ma'ana. Ta janye 20 da 50 da 200 da 500, ta bar 10 da 100 kawai, don su ne ke tafiya da gurbin goma-goma da ɗari-ɗari. Masu shirin koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya, da tsinke da ƙunshin tsinke goma suke yin wannan aikin. Sannan ta buɗe banki a teburinta. Wanda ke da ɗari biyu zai biya 130, sai ya je banki ya fasa ɗari ɗaya ta zama goma-goma guda goma, ya rubuta abin da ya yi a rasit: ya soke 2 ya sa 1, ya sa 10 a gurbin goma. Ba rasit, ba ciniki.

Yarinyar ta yi sau biyu, a na uku ta tsaya da alƙalami a hannu. "Malama, ashe aron nan canji ne?" Malamar ta ce canji ne. Ta koma ta gyara na farkon ba wanda ya ce ta gyara.

Hayaniya dai ta yi yawa, malamin ajin da ke manne da su ya leƙo sau biyu. Za a mayar da kasuwar darasin ƙarshe na ranar Alhamis.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Musayar wasa. Kowa ya rubuta ƙa'idojin nasa a shafi ɗaya, ya miƙa wa malamin wata makaranta, ya koma gefe ya kame bakinsa. Wannan ya fi komai yi musu wuya. Dattijon 15 ya manta bai rubuta cewa murafu uku ake nufi ba, wata ta ɗauki 9 da 6 ta ce ta ci. Ya miƙe zai yi bayani aka zaunar da shi. Mai gala-gala ba ta faɗi ko ana iya dira gida ɗaya sau biyu ba, ga shi "baba" da "mama" na jira. Duk shafukan sun koma gyara.

Abin da na lura da shi: ba wanda ya karɓi wasan wani ya bar shi yadda yake. Malamin aji uku ya ɗauki katin ƙugiya ya mayar da shi na lamba mai mara da cika. Na bar su.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Makon nan kowane malami ya kira yaransa ɗaya-ɗaya, ya ba su takarda mai haruffa da kalmomi da gajeren sakin layi, ko lissafi huɗu, ya rubuta inda kowa ya tsaya. Ba mu yi irin wannan awon a Oktoba ga duk azuzuwan ba, don haka ba zan kawo alƙaluma in ce ga abin da wasa ya haifar ba. Amfaninsa yanzu shi ne raba rukuni: a ajin gala-gala akwai yara da har yanzu ba su rarrabe haruffa, kuma tsalle a kan gaɓa ba ya yi musu komai, alƙalin rukuni ne ke raɗa musu amsa. Malamar za ta ware musu fili biyu masu harafi ɗai-ɗai.

Wasannin da ke raye ba tare da na tuna wa kowa ba: katin ƙugiya, gala-gala, 15, da hanyar rijiya. Kasuwa na tafiya amma tana cin shiri, mako biyu sau ɗaya ake yinta. Zaki da Damisa ma suna nan, mai su ya ce ranar Juma'a yara na so, kuma ya daina kiransu darasi. An ga 'yan aji uku suna buga 15 da tsakuwa mai lamba a bakin masallaci, ba malami a kusa.

Azumi ya ƙarato, ba zama sai bayan Sallah. Malamar aji biyu na son ta gwada sa yara su tsara baitocin tashe da kalmomi masu ƙugiya, ta ce za ta turo abin da ta samu a zauren WhatsApp. Rabawa ce har yanzu ba wanda ya samo mata wasa. Ukun da aka kawo duk tambaya ce sanye da rigar wasa, masu su da kansu suka janye su kafin na buɗe baki. Dattijon ya ce yana da wani tunani kan ƙwallon dabino da 'yan kofuna, inda ragowar da ba ta rabu ba ita ce makin mutum. Ya nemi a tara masa ƙwallo ɗari uku cikin azumi.